Magance ɓeraye a cikin gida

Magance ɓeraye a cikin gida shi ne duk wani mataki da ake ɗauka don hana ɓeraye shiga inda mutane ke kwana da ajiye abinci, ko rage yawansu bayan sun riga sun shiga sun hayayyafa. Matakan iri uku ne: hana su abinci da maɓoya, toshe hanyoyin da suke bi, da kashe waɗanda ke ciki da tarko ko guba ko kyanwa. Na ukun aka fi sani, amma shi kaɗai ba ya ɗorewa, domin yawan ɓerayen gida ya dogara ne da yawan abinci da wurin ɓuya da gidan ke ba su. In an kashe goma aka bar buhun masara a buɗe, wasu za su maye gurbinsu cikin 'yan makonni. A Afirka ta Yamma lamarin ya wuce ɓarnar hatsi da tufafi, saboda ɗaya daga cikin ɓerayen da ke zama a gidaje shi ne ke ɗauke da ƙwayar cutar zazzaɓin Lassa.

Suna da nau'o'i

Jam'in ɓera shi ne ɓeraye. A karin harshen yamma, kamar na Sakkwato da sassa da yawa na Jamhuriyar Nijar, ana cewa kusu. Turanci da Faransanci suna da kalma dabam ga ƙaramin ɓera, wata dabam ga babba, amma Hausa ta haɗa su a suna guda, sai dai a ce ƙarami ko ƙato. Wannan yakan jawo ruɗani a aikace, domin dabbobin da ake kira ɓera a gida ba halinsu ɗaya ba, kuma tarkon da ya dace da ɗaya yakan kasa kama ɗayan.

Ƙaramin ɓeran gida, wanda masana ke kira Mus musculus, tsawon jikinsa bai cika wuce santimita 10 ba, nauyinsa kuma tsakanin giram 12 ne zuwa 30. Asalinsa nahiyar Asiya ne, ya bi mutane da hatsinsu ya bazu kusan ko'ina a duniya. Baƙin ɓera, Rattus rattus, ya fi shi girma nesa ba kusa ba, wutsiyarsa ta fi jikinsa tsawo, kuma gwanin hawa ne, shi ya sa aka fi jin gudunsa a cikin silin da rufin ɗaki. Rattus norvegicus ya fi su duka kauri, yana haƙa rami a gefen kwata da bola, kuma a Afirka an fi samunsa a garuruwan da ke da tashar jiragen ruwa. Dukkan ukun baƙi ne a wannan yanki, jiragen ruwa da motocin kaya ne suka kawo su.

Ɗan ƙasa shi ne Mastomys natalensis, wanda ake kira ɓera mai yawan nonuwa, domin macen tana da nonuwa da kan kai 24. Girmansa tsaka-tsaki ne tsakanin ƙaramin ɓeran gida da baƙin ɓera. Yana zama a gona, yana zama a ɗaki, yana kai-komo tsakanin biyun gwargwadon inda abinci yake. Binciken da aka wallafa a 2014 kan birnin Yamai ya nuna shi ne ya mamaye gidajen unguwanni, baƙin nau'o'in kuma sun fi taruwa a kasuwanni da wuraren masana'antu. Ke nan ɓeran da mutum ya gani a ɗakinsa a ƙasar Hausa ba lalle ba ne ya zama wanda littattafan Turai ke bayani a kansa.

Akwai dabbobi biyu da ake yawan sa su a wannan layi. Gafiya, wadda ake ce wa namijinta burgu, danginsu ce ta nesa, tana kai kilo ɗaya ko fiye, tana tara abinci a kumatunta ta kai rami. A garin Morogoro na Tanzaniya ƙungiyar APOPO tana horar da irin wannan dabba ta shinshino nakiyoyin da aka binne da kuma cutar tarin fuka a majina. Jaɓa kuwa ba ɓera ba ce sam. Dogon bakinta da warinta sun isa shaida, kuma ƙwari take ci, kyankyasai da makamantansu, ba ta gaigayar buhu.

Halayensu da yadda suke yaɗuwa

Saurin haihuwa shi ne ginshiƙin matsalar. Macen ƙaramin ɓeran gida tana ɗaukar ciki na kwana 19 zuwa 21, ta haifi 'ya'ya shida zuwa takwas a mafi yawan lokuta, kuma tana iya sake ɗaukar wani cikin kwana guda bayan haihuwa. A shekara takan haihu sau 5 zuwa 10. 'Ya'yan suna balaga cikin mako shida zuwa takwas, wato kafin su cika wata uku su ma sun haihu. Mai yawan nonuwa ya fi haka, domin haihuwa ɗaya takan wuce 'ya'ya goma. Yawancinsu ba sa cika shekara a raye, amma ba sa buƙatar hakan.

Haƙoran gaba na ɓera ba sa daina girma muddin yana raye, kuma ƙarfinsu ya isa ya huda katako, roba, leda, kwali da bangon ƙasa. Ganinsa rauni gare shi, don haka da hanci da gashin baki yake tafiya, yana bin jikin bango, yana maimaita hanya guda kowane dare. Ƙaramin ɓera yana cin kimanin giram 3 ne kawai a yini, amma ba a wuri ɗaya ba: ya ɗan taɓa nan, ya ɗan taɓa can, yana zubar da kashi da fitsari a duk inda ya bi. Abin da yake ɓatawa ya ninka abin da yake ci. Ba ya nisa da sheƙarsa, yawanci mita 3 zuwa 10, kuma ruwan da ke cikin abinci kan ishe shi, saɓanin manyan ɓeraye da sai sun sha ruwa kullum.

Wani bambanci mai amfani ga mai ɗana tarko shi ne yadda suke ɗaukar sabon abu. Ƙaramin ɓera ɗan bincike ne, duk abin da aka ajiye a hanyarsa sai ya shinshina shi a daren. Manyan suna da tsoron baƙon abu, suna iya kewaye tarko kwana da kwanaki kafin su kusance shi.

Alamomi

Da yake da dare suke fita, alamarsu ake fara gani kafin su. Kashin ƙaramin ɓera baƙi ne, kamar ƙwayar shinkafa mai tsini, tsawonsa milimita 3 zuwa 6. Na manyan yakan kai santimita ɗaya zuwa biyu. Ana bambanta shi da kashin tsaka ko ƙadangare da cewa nasu yana da ɗan fari a gefe guda. Sabon kashi yana da laushi da sheƙi, tsoho kuwa ya bushe yana marmashewa, kuma da wannan ake gane ko ɓerayen na nan ko sun tashi. Sauran alamomin su ne zarnin fitsari a cikin kwaba ko akwati, baƙin dattin maiƙo a gindin bango da bakin rami, yagaggun takardu da tsummoki da aka tara a lungu, da ƙaiƙayi ko ɓawon gyaɗa a bayan buhu. Wanda ke son sanin hanyarsu sai ya barbaɗa toka ko gari a gindin bango da dare, ya duba sawu da safe. Ganin ɓera da rana tsaka yana yawo a fili yakan nuna sun yi yawa har maɓoya ta yi musu kaɗan.

Ɓarna da cututtuka

Ɓarnar da ke fili ita ce ta hatsi, tufafi, katifa, littattafai da takardun shaida. Wadda ba a gani ita ce ta wayar lantarki a cikin silin ko bayan firiji: ɓera ya feƙe robar da ta rufe wayar, wayoyi biyu su haɗu, gobara ta tashi. Suna kuma cizon yatsun masu barci, musamman jarirai da masu ciwon sukari da jijiyoyin ƙafarsu suka daina ji.

Cututtukan da suke yaɗawa suna bin hanyoyi dabam-dabam. Kashinsu a abinci na kawo bakteriyar Salmonella mai sa gudawa da zazzaɓi. Fitsarinsu a ruwa na kawo cutar leptospirosis, wadda ke shiga ta rauni a fata, tana kuma ƙaruwa bayan ambaliya. Ƙumar da ke jikinsu ita ce ke yaɗa annobar da ta halaka miliyoyin mutane a Turai a ƙarni na 14, kuma cutar ba ta ƙare ba, domin ta ɓarke a Madagaska a 2017. A Amurka, a 1993, an gano wata cutar huhu mai kisa da ake ɗauka ta shaƙar ƙurar da ta gauraya da busasshen kashi da fitsarin wani ɓeran daji da ke shiga gidaje.

Zazzaɓin Lassa

An fara gane cutar ne a 1969, kuma sunanta na garin Lassa ne da ke jihar Borno ta yanzu. Wata ma'aikaciyar jinya ta asibitin mishan a garin, Laura Wine, ta kamu, aka kai ta Jos, ta rasu a can. Wadda ta yi jinyarta ita ma ta kamu ta rasu, ta uku kuma, Penny Pinneo, aka kai ta Amurka ta warke. A Jami'ar Yale aka ware ƙwayar cutar, wadda nau'in bairos ce. Sai bayan ɓarkewar da aka samu a Saliyo a 1972 aka gano cewa ɓera mai yawan nonuwa ne ma'ajiyarta. Shi ɓeran ba ya nuna alamar ciwo, yana dai zubar da ƙwayar a fitsari da kashi.

Mutum na kamuwa ta cin abincin da ɓera ya ɓata, ko taɓa kayan da fitsarinsa ya zuba a kai, ko shaƙar ƙura lokacin shara, ko feɗe ɓera don ci. Tana kuma wucewa daga mutum zuwa mutum ta jini da sauran ruwan jiki, abin da ya sa likitoci da ma'aikatan jinya ke cikin waɗanda take kashewa. Alamun kan bayyana cikin mako uku da kamuwa. Bisa bayanin Hukumar Lafiya ta Duniya, kusan kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka kamu ba sa nuna alama ko kuma ciwon ya zo musu da sauƙi, kuma mace-mace a jimlace kusan kashi 1 ne cikin 100. Amma a cikin waɗanda ciwon ya tsananta har aka kwantar da su, adadin yakan kai kashi 15 ko fiye. Kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke suna samun matsalar ji, kuma cutar tana da muni ƙwarai ga mai tsohon ciki da abin da ke cikinta. Haɗarin shi ne farkonta kamar zazzaɓin cizon sauro ko taifot, sai a yi ta shan magani a gida har lokaci ya ƙure, alhali maganin ribavirin da ake bayarwa a asibiti ya fi amfani idan an fara shi da wuri.

A Najeriya cutar ta fi tashi da rani, daga Disamba zuwa Afrilu, kuma rahotannin hukumar NCDC sun sha nuna jihohin Ondo, Edo, Bauchi da Taraba a sahun gaba. Lokacin ya zo daidai da bayan kaka, sa'ad da gona ta zama fayau, hatsi ya koma gida, ɓeraye suka biyo shi. Ƙona daji don farautar ɓera da gafiya yana ƙara koro su cikin gari, shanya rogo, masara ko barkono a bakin titi kuma yana barin abincin a hanyarsu har dare.

Hana su abinci

Hausawa na cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ana yin karin maganar ne a kan mutane, don nuna cewa wanda aka cuta ma yana da nasa laifin, amma a kan ɓeran kansa ma haka abin yake. Gidan da ba abinci a buɗe ba ya tara su.

Buhu ba ya hana ɓera komai. Abin da ke hana shi shi ne ganga ta ƙarfe, bokitin roba mai kauri da murfi mai kamawa, kwalba, ko tukunyar ƙasa da aka rufe da abu mai nauyi. Idan dole a ajiye buhuna, ana ɗora su a kan katako, a janye su daga jikin bango yadda mutum zai iya zagayawa ya duba bayansu. Buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007 don adana wake, yana riƙe iska da ƙamshin hatsi a ciki, don haka bai cika jan ɓera kamar buhun gama-gari ba, amma haƙori na huda shi, kuma da zarar ya huje amfaninsa ya tafi. Rumbun gargajiya da ake ɗorawa a kan duwatsu yana rage damshi da gara, sai dai ɓera na hawa dutse. Rumbu mai ƙafafun itace ya fi tsaro idan ya yi sama da ƙasa kamar mita ɗaya, aka kuma ɗaura wa kowace ƙafa langa-langa mai siffar mazurari a kife, wanda ɓera in ya hawo zai tarar da rufi a kansa.

Abubuwan da aka fi mantawa su ne kwanukan tuwon dare da aka bari sai da safe, dusar awaki, tsabar da kaji suka rage a akurki, da kwandon shara marar murfi. Tarin itace, karan dawa da harawa a jikin bangon ɗaki kuwa masauki ne.

Toshe hanyoyi

Ƙaramin ɓera na wucewa ta kafar da ba ta fi milimita 6 zuwa 7 ba, wato duk inda fensir zai shiga. Babba kuma kafar da babban yatsa zai shiga ta ishe shi. Wuraren dubawa su ne ƙarƙashin ƙyaure, inda bututun ruwa ko wayar lantarki suka ratsa bango, tsakanin bango da kwanon rufi, fasassun kusurwoyin silin, bakin masai, da rariya, wadda a gidaje da yawa ita ce babbar ƙofarsu daga kwata. Ana toshe rami da siminti, a gidan ƙasa kuma da laka da aka cuɗa da tsakuwa ko fasassun kwalabe. Ƙaramar kafa ana cusa mata soson ƙarfe a shafe da siminti. Rariya da tagar iska ana sa musu ragar ƙarfe mai ƙananan idanu, gindin ƙyauren katako kuma a buga masa langa-langa. Tsumma, takarda, leda da katifar soso ba toshi ba ne, kayan sheƙa ne aka ba su. Reshen bishiyar da ya taɓa rufi hanya ce ga baƙin ɓera, sarewa ake yi.

Tarko

Tarkon katako mai sifirin da ake sayarwa a kasuwa ya samo asali ne daga wanda William Hooker na jihar Illinois a Amurka ya yi wa rajista a 1894, da irin wanda James Henry Atkinson na birnin Leeds a Ingila ya fito da shi 'yan shekaru bayan haka. Har yanzu shi ne mafi dacewa a cikin ɗaki, domin yana kashewa nan take, ana ganin abin da aka kama, kuma gawar ba ta ruɓewa a cikin silin. Akwai na ƙarfe mai haƙora da maƙera ke yi, akwai na keji mai kamawa da rai, akwai kuma dabarar gida ta kifa kwano a kan tsinke mai abinci a jiki.

Yawancin rashin nasara daga yadda ake ɗanawa ne. Tarko ɗaya a tsakiyar ɗaki ba abin da zai yi. Ana jera da yawa a dare guda, tazarar mita biyu zuwa uku, kowanne a gindin bango, bakinsa mai abinci yana fuskantar bangon, a inda aka ga kashi. Abincin ya zama kaɗan kuma a manne ko a ɗaure, don kada a ɗauke shi tarkon bai tashi ba: tunkuza, ƙuli-ƙuli, busasshen kifi ko daddawa duk suna yi. Ga manyan ɓeraye ana barin tarkon da abinci ba a ɗana ba na kwana biyu ko uku, sai sun saki jiki sannan a ɗana. Girma ma na da muhimmanci, domin ƙaramin tarko raunata babban ɓera kawai yake yi, babban tarko kuma ƙaramin ɓera na cinye abincinsa ya wuce. Ana ci gaba har a yi kamar mako guda ba kamu kuma ba sabon kashi.

Tarkon gam yana da araha kuma yana kamawa, amma ɓeran kan daɗe a manne da rai, yana fitsari da kashi don firgita, kuma mai ɗauka zai kusanci duk wannan. A inda ake fama da Lassa wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Yana kuma kama tsaka da 'yan tsaki. Yankin Wales ya haramta shi a 2023, Ingila kuma ta hana jama'a amfani da shi daga 2024 sai masu lasisi.

Guba

Gubar ɓera, wadda a kasuwa aka fi sani da shinkafar ɓera, iri biyu ce. Akwai mai kisa cikin sa'o'i, kamar zinc phosphide, baƙin gari da ke sakin iskar gas mai guba idan ya haɗu da ruwan ciki. Ɓera ba ya iya amai, don haka abin da ya haɗiye ya zauna. Amma wanda ya ci kaɗan ya ji ciwo bai mutu ba, ba ya sake kusantar abincin, shi ya sa irin wannan guba kan yi aiki a karon farko ta kasa a na biyu. Ba ta da makari idan mutum ya ci.

Iri na biyu ita ce mai hana jini daskarewa. Ta farko a cikinsu, warfarin, ta fito ne daga binciken Karl Paul Link a Jami'ar Wisconsin kan shanun da ke mutuwa da zubar jini bayan cin ruɓaɓɓiyar ciyawa. An fara sayar da ita a matsayin gubar ɓera a 1948, daga baya a 1954 aka amince da ita a matsayin maganin mutane. Tana kisa ne bayan kwana uku zuwa bakwai, don haka ɓera ba ya danganta ciwon da abincin. A 1958 aka samu ɓerayen da ba ta kashewa a Sikotilan, abin da ya kai ga ƙirƙiro masu ƙarfi kamar brodifacoum da bromadiolone a shekarun 1970. Waɗannan suna daɗewa a hantar dabba, kuma kyanwa, kare, shaho ko mujiyar da ta ci mataccen ɓeran ita ma gubar na shiga jikinta. Makarinsu bitamin K1 ne, a asibiti.

Babban haɗarin guba a gida shi ne yara da kaji, tunda an yi ta ne ta yi kama da abinci. Ana sa ta ne a cikin akwati ko guntun bututu da hannun yaro ba zai kai ba, ba a barbaɗa ta a fili ko kusa da hatsi, kuma wadda ke cikin fakiti mai suna da lambar NAFDAC ta fi ƙullin da ba a san abin da ke ciki ba, ko don likita ya san abin da zai magance. Idan yaro ya ci, asibiti ake kai shi nan take tare da fakitin. Ba a sa shi amai, kuma manja ko madara da ake ɗura wa yara ba sa karya guba. Ganin yaron yana wasa lafiya ba hujja ba ce, domin mai hana jini daskarewa takan yi kwana ɗaya ko biyu kafin ta nuna kanta. Ƙwayar feshin hatsi ta aluminium phosphide da wasu ke jefawa a ramin ɓera a cikin ɗaki tana sakin gas da ke kashe mutanen da ke barci a ɗakin da ma na maƙwabtansa.

Kyanwa da sauran dabaru

Kyanwa, ko mage, ko mussa a karin yamma, ta fara zama da mutum ne saboda ɓeran rumbu, kuma an tono kabari a tsibirin Saifurus mai kimanin shekara 9,500 da aka binne mutum da kyanwa tare. Tana rage ƙananan ɓeraye, warinta ma na sa su taka-tsantsan, amma ba ta shiga cikin bango ko ƙarƙashin buhuna, kuma da yawa ba sa tunkarar ƙaton ɓera. Wani bincike da aka wallafa a 2017 kan gidajen karkara a ƙasar Swaziland, wadda yanzu ake kira Eswatini, ya nuna ɓeraye sun fi janyewa a gidan da ke da kyanwa da kare tare fiye da mai ɗaya daga ciki. Mujiya, wadda ake jifa saboda camfi, ɓeraye ne mafi yawan abincinta.

Na'urorin da ake maƙalawa a soket, waɗanda ake cewa suna korar ɓera da ƙarar da mutum ba ya ji, ba su da tasiri mai ɗorewa, domin ɓeraye na sabawa da ƙarar. A 2001 hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka ta gargaɗi masu ƙera su kan da'awar da ba hujja. Kafur, barkono da man na'ana'a su ma ba sa tayar da ɓeran da ya riga ya yi sheƙa kusa da abinci.

Kwashe kashi da gawa

Tsintsiya a kan busasshen kashin ɓera tana tayar da ƙurar da ake gudu. Ƙa'idar da hukumomin lafiya ke bayarwa ita ce a buɗe ƙofa da taga na minti 30, a sa safar hannu ko a zura hannu cikin leda, a rufe hanci da baki, a jiƙa kashin da sheƙar da ruwan bilic, irin su Hypo ko Jik, awo ɗaya cikin awo tara na ruwa, a bar shi minti biyar, sannan a kwashe da takarda ko tsumman da za a zubar. Gawar ɓera ma haka: a jiƙa ta, a ɗauka da leda ko shebur, a ƙulle cikin leda biyu, a binne da zurfi ko a ƙona, ba a jefa ta kan titi ko a bar wa yara su yi wasa da ita. Bayan nan a wanke hannu da sabulu. Dafaffen abinci ko garin rogon da ake sha ba dafawa, in an ga kashi a ciki, zubarwa ake yi.

Aikin unguwa

A gidan haya mai ɗakuna da yawa, ko unguwar da gidaje ke haɗe da bango ɗaya da kwata ɗaya, ɓerayen na kowa ne, kuma ɗakin da aka share yana sake cika daga maƙwabta. An ga haka a aikin shekara huɗu da aka yi a wasu ƙauyukan yankin Faranah na ƙasar Gini, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2018: an riƙa sa guba a gidaje da rani don rage ɓeran Lassa, yawansu ya faɗi sosai, amma cikin 'yan watanni sai ya dawo. Saboda haka masu aikin lafiyar al'umma ke son a haɗa kisa da gyaran ajiya da toshe ramuka, a yi shi a gidaje da yawa lokaci guda, a kwashe bola a yashe kwata, kuma a fara tun kaka, kafin a shigo da amfanin gona.